Ka Fito Min Da Shi Sosai

Ƙyallen da ke rataye a bangon shagon Mai Hoto zanen wani tafki ne. Ruwansa shuɗi ne kwance luf, ga ƙaramin kwalekwale ɗaure a baki, can nesa kuma wani farin gida mai tagogi a buɗe. Duk wanda ya zo ɗaukar hoto baya yake juya wa zanen. Auta kaɗai ce take zama ta fuskance shi, sai an roƙe ta ta juyo.

A cikin ranta ta daɗe da tarewa a wannan gida. Da yake ɗinkin labule ne sana'arta, har ta gama ɗinka na tagogin, masu ruwan madara, marasa nauyi, waɗanda iska kaɗan ke ɗagawa. Takan ji motsin ruwa daga tsakar ɗaki, takan ji takun mutum ɗaya yana dawowa da yamma, takun da ba ya sa gabanta faɗuwa. A gidan nan babu mai buɗe ƙofa da ƙafa.

"Autar Umma," in ji Mai Hoto yana gyara tsayin fitila, "a dawo daga tafkin haka nan, haske ya daidaita. Yau da wace rana zan gode wa Allah? Na ɗauka an hana ki ko bin layin nan."

Ba ta yi dariyar da ta saba ba. Ta juyo a hankali, ta sa hannu ta zame mayafin da ta rufe rabin fuskarta da shi, ta tura shi har bayan kunne.

Murmushinsa ya ɗauke. Daga ƙarƙashin idonta na dama har zuwa gindin kunne fatar ta kumbura, ta yi baƙi, ta yi ja, ga shatin yatsu kwance a kai.

"Waye?" ya ce.

"Kada ka tambaye ni."

"Shi ne ko?"

Shi ɗin ne. Manaja ake ce masa, don shi ke kula da wani gidan mai, kuma ɗan Gwaggonta ne, yayar mahaifinta marigayi. Babu wanda ya yi wa Auta dole a kansa, ita ta ce ta ji ta gani tun tana kiransa Yaya, ta shiga gidansa da murnarta. Abin da ta tarar a ciki ya fi ƙarfin baki. Da auren ya mutu ta dawo ɗakin Umma, ta gama idda, ta koma kan kekenta, har jini ya fara dawowa fuskarta. A nan ne Mai Hoto ya fito neman aurenta, a nan ne kuma Manaja ya tuna yana son matarsa ta koma. Gwaggo ta zo ta yi kuka, Umma ta kira Mai Hoto ta ce ya dakata da zuwa, maganar gida ce.

Jiya da rana tsaka, mai shagon labule ta fita sarin yadi, Manaja ya shigo ya tarar da Auta ita kaɗai. Ya ce ta ba shi wayarta ya ga mai kiranta. Ta hana. Wayar ya fara rotsawa da ƙasa kafin ya juyo kanta.

Da safen nan mai shagon ta ara mata tata wayar, ta haɗa ta da wata lauya mai taimaka wa mata. Lauya tana wani gari kan wata shari'a, amma ta saurare ta har ƙarshe. Ta ce akwai umarnin da kotu ke bayarwa a hana mutum kusantar wanda yake cutarwa, kuma za ta nema mata shi. Abu ɗaya ta roƙa, Auta ta je a ɗauke ta hoto yau ɗin nan, kafin raunin ya baje.

Duk wannan Auta ba ta faɗa wa Mai Hoto ba. Ta san in ya ji maganar kotu sai ya tsoma kansa, gobe a ce shi ya zuga ta ta kai ɗan'uwanta ƙara.

"Ka yi min alƙawari ba za ka je wurinsa ba," ta ce.

"Auta, ki dubi abin da..."

"Ka yi min alƙawari. In ka je ka taɓa shi, shi ya ci riba, ni kuma na rasa ka. Duk garin nan babu wanda zan iya buɗe wa fuskar nan sai kai. Ka ɗauka kawai."

Ya ɗaga kyamara, ya sauke, ya goge idonsa da bayan hannu, ya sake ɗagawa. Haske ya walƙa. Ita kuwa ta lumshe ido, ta koma cikin kwalekwalen, ruwa yana lilo da ita a hankali.

Da ta miƙe tana gyara mayafi, ta tsaya a bakin ƙofa ba tare da ta waiwayo ba.

"Don Allah ka fito min da shi sosai."

"In sha Allahu," ya ce. "Zai fito yadda ranki yake so."

Ni dai da ina wurin, da na tsayar da su na tambayi kowannensu wane "shi" yake nufi. Amma masoya ba sa son tambaya, gani suke sun riga sun fahimci juna.

* * *

Ranar da sammaci ya isa hannun Manaja, la'asar ba ta yi sanyi ba sai ga Gwaggo. Ko sallamar kirki ba ta yi ba, ta zube a kan tabarma ta fara fyace hanci da gefen zane. Umma tana ninke wanki, ta ci gaba da ninkewa kamar ba ta san tufafin sun ƙare ba.

"Auta, ni za ki kai kotu?"

"Ba ke na kai ba, Gwaggo."

"In kin kai shi ai ni kika kai. Ni na yi miki wankan farko da hannun nan. Ranar da mahaifinki ya cika, a cinyata kika yi barci. Yau ke ce za ki tsaya gaban baƙi ki kwance mana zane a kasuwa?"

"Gwaggo, tsoro nake ji. Wallahi tsoro nake ji. In na ji ƙarar mota ta tsaya a ƙofar shago sai allura ta faɗi daga hannuna. Ba ɗaure shi na ce a yi ba, ba tara na ce a ci shi ba. Cewa na yi a gaya masa ya bar ni."

"So ne ya yi masa yawa, 'yar nan. Kishi ne. Ya rantse min ya sake rantsewa, in kin koma ko ƙuda ba zai bari ya sauka a kanki ba."

"Haka ya rantse wancan karon."

Gwaggo ta juya ga Umma. "Ke ba za ki ce komai ba? Ko har da ke a ciki? In ɗan'uwana yana raye ai ba za a yi haka ba. Duk wannan yaron mai hoto ne ya juya mata kai, mu ba yara ba ne."

Umma ba ta ɗago ba. "Ki yi haƙuri, Yaya. Yarinta ce. Ni ba ni da ta cewa a gaban kowa."

Wannan magana ita Gwaggo ta zo nema, ta ƙulle ta a bakin zane ta tafi.

Auta ta daɗe tana kallon mahaifiyarta. Ita ce fa ranar da abin ya faru ta ja ƙofa ta rufe, ta dafa ruwa, ta dinga gasa mata fuska da tsumma tana hawaye ba sauti. Ita ce kuma ta gaya wa maƙwabta ciwon haƙori ke damun Auta, ta hana ta zuwa asibiti don kada magana ta fita.

"Umma, ke ma ba ki yarda da ni ba?"

"Na yarda da ke."

"To me ya sa?"

"Ke yarinya ce, Auta. Kotu za ta tashi kowa ya tafi gidansa, mu kuma muna nan da Gwaggonki har ƙarshen rai. Ita kaɗai ta rage min daga dangin ubanki. Zan raka ki, ba zan bar ki ki je ke ɗaya ba. Amma bakina kada ki sa rai da shi."

Auta ta tashi ta shiga ɗaki. A cikin jakarta akwai ambulan ɗin da Mai Hoto ya kawo mata shago a liƙe, ya ajiye a kan keke ya fita ba tare da ya iya haɗa ido da ita ba. Ba ta buɗe ba. Raunin ya riga ya fara bajewa a madubi, ba ta son sake ganin ranar. Ta dai shafa ambulan ɗin ta waje, ta ji sanyi a ranta. Ko Umma ta yi shiru, hoton nan zai yi magana a madadinta.

Ta kwanta rigingine tana kallon silin, har silin ɗin ya zama ruwa, labulaye masu ruwan madara suka fara kaɗawa a kansa.

* * *

Barandar kotun doguwa ce, an jera bencina a jikin bango, hasken safiya yana shigowa ta tagogin sama yana sauka a ƙasa layi-layi. Auta ta zauna tana kallon ƙurar da ke yawo cikin hasken, maganganun mutane suna zuwar mata kamar daga cikin rijiya. A can ƙarshen barandar Manaja ne cikin fararen kaya, ya sha guga, yana ta gaisawa da mutane hannu bibbiyu. Gwaggo na gefensa. Umma ta zaɓi benci na tsakiya, ba ta nan ba ta can.

Lauya ta iso da sauri, gajeruwar mace mai gilashi, ta zauna kusa da Auta. "Ƙanwata, kin kwana lafiya? Kawo hoton mu gani."

Ta yage bakin ambulan ta zaro. Ta duba. Ta cire gilashi ta goge ta mayar, ta sake dubawa.

"Wannan fa?"

Auta ta leƙa. Wata kyakkyawar mace ta gani zaune a gaban tafki, ido a lumshe kamar mai jin daɗin iska, kumatunta sumul, fatarta na sheƙi. Ko ƙwarzane babu. A ƙasan hoton ga kwanan wata an buga, washegarin ranar da aka doke ta.

"Innalillahi," ta ce. Sai ta ji bencin yana tafiya da ita.

"Wa ya ɗauka? Ba ni lambarsa."

Shagonsa ba nisa, ba a jima ba sai ga Mai Hoto yana haki, ko maɓallin rigarsa bai gama sawa daidai ba. Yana ganin inda aka kira shi, da hoton a hannun Lauya, da fuskar Auta, ya tsaya cak.

"Me ka yi min?" ta ce a hankali.

"Ke kika ce in fito da shi sosai."

"Raunin nake nufi. Raunin na ce ka fito min da shi."

Ya dafe bango. "Raunin? Wayyo Allah. Auta, duk macen da ta shigo shagona haka take cewa. A fito da shi sosai, wato a gyara, a share ƙuraje, a haska fata. Na ɗauka so kike ki ga fuskarki yadda take kafin ya taɓa ta. Na ɗauka abin da zan iya yi miki ke nan tunda kin hana ni zuwa wurinsa."

"Na asalin fa?" in ji Lauya. "Wanda ba ka taɓa ba. Yana cikin kyamara ko kwamfuta?"

Ya sunkuyar da kai. "Na goge."

"Ka goge?"

"Yini guda na yi a kansa, ina sharewa ina kuka. Da na gama na kasa jure a ce wannan abu yana zaune a cikin kayana. Na goge shi a kyamara, na goge a kwamfuta, katin kyamarar ma na share shi kaf na ɗauki wasu hotunan a kai. Ban so ya rage a duniya ba."

Hawaye ya zubo wa Auta, ba ta share ba.

"Kowa sharewa yake yi," ta ce. "Umma ta rufe ƙofa ta ce haƙori ne. Gwaggo ta ce so ne. Ni kaina mayafi na ja na rufe. Kai kaɗai na buɗe wa, na ce ga wanda zai gani ya bar shi yadda yake. Ashe kai ka fi kowa iya sharewa."

"Ki yafe min."

"Ban ce ka yi da mugunta ba. Da mugunta ce da ya fi min sauƙi, sai in tsane ka in huta. Yanzu da me zan shiga? In alƙali ta ce ba hujja, yau ɗin nan zai zo shago, kuma ya san babu mai hana shi."

"Zan shiga in faɗi abin da na gani."

Lauya ta dube shi ta saman gilashi. "Ka san abin da za su tambaye ka? Za su ce mene ne tsakaninku. A gaban mahaifiyarta, a gaban kowa. Duk amsar da ka bayar da ita za su doke mu."

"Ko me za su ce min su ce. Ni dai kada ya sake taɓa ta."

Masinjan kotu ya leƙo ya kira ƙararsu.

* * *

Mai Shari'a dattijuwa ce mai sanyin murya, fanka tana juyawa a samanta a kasale. Auta ta tsaya ta faɗi abin da ya faru, muryarta na fita kamar ta wata. Sau biyu ta ce "Yaya" sai an tambaye ta wa take nufi. Da aka zo kan Manaja, ya russuna har ƙasa, ya ce shi sulhu ya je nema, wayar kuma daga hannunta ta suɓuce. Ya ce 'yar'uwarsa ce, jininsa, ina shi ina dukanta.

Mai Hoto ya shiga ya rantse, ya faɗi kumburin da shatin yatsun, ya faɗi kuskurensa bai rage komai ba. Lauyan Manaja, wani dogo mai yawan murmushi, ya nemi a ba shi hoton. Ya ɗaga shi sama yana juyawa don kowa ya gani.

"Ma sha Allah, aiki ya yi kyau. Malam, ka ce ka ga mummunan rauni, sai ka share shi, sai kuma ka goge na asalin. Duk mai hoto haka yake yi wa kowa?"

"A'a."

"To ita me ya sa?"

Mai Hoto ya dubi Umma, ya dubi ƙasa.

"Saboda ina sonta. Na nemi aurenta aka ce in dakata, na dakata. Amma son ban iya dakatar da shi ba."

Gwaggo ta tafa hannu ta ce, "Kun ji ko!" sai da masinja ya tsawatar. Auta ta runtse ido. Maganar da ta daɗe tana mafarkin ji a farin gida a bakin ruwa, yau ga ta ta fito a ɗakin shari'a, kuma ita ce za ta kayar da ita.

"Ya Mai Shari'a," in ji dogon lauya, "shaida ɗaya ne, kuma manemi ne mai son a raba dangi don ya samu shiga. Hoton da suka kawo da kansu ya nuna lafiyayyar fuska. Amma kada a ce na yi son kai. Ga mahaifiyarta nan, a gida ɗaya suke kwana. Ina roƙon a kira ta, a nuna mata, ta faɗa mana ko ba haka 'yarta take ba a ranar."

Gwaggo ta gyara zama tana gyaɗa kai. Ita ta ba shi tabbacin cewa Umma ba ta da ta cewa.

Umma ta taso da ƙyar kamar an ɗaura mata dutse a ƙafa. Aka rantsar da ita, aka miƙa mata hoton. Ta kai shi nesa da ido, ta matso da shi. Ta daɗe tana kallo, har Mai Shari'a ta ce, "Baiwar Allah, muna sauraronki."

"Wannan ba fuskar 'yata ba ce."

Murmushin lauyan ya ragu. "Hajiya, ki duba da kyau."

"Ni za ka ce wa in duba da kyau? Ina tabon?" Ta ɗora yatsa a kan hoton. "Nan, gindin kunnenta na dama. Tana rarrafe ta faɗa kan bakin bokiti, ni na ɗauke ta jini na zuba a rigata. Kullum yana ƙarƙashin mayafi, shi yaron nan bai san da shi ba, ya haɗa da shi ya share."

Mai Shari'a ta ce Auta ta matso. Ta zame mayafi. Ga tabon nan, ɗan siriri, fari, ya tsufa tare da ita. Mai Shari'a ta dubi hoton, ta dubi kunnen, ta yi rubutu.

"Wannan ya nuna an taɓa hoton ne kawai," in ji lauyan da sauri. "Bai nuna..."

"Ban gama ba," in ji Umma.

Ba alƙali ta kalla ba, Gwaggo ta juya ta kalla, hawaye na bin kumatunta.

"Yaya, ki yafe min. Na ce miki ba ni da ta cewa, kuma har na shigo ɗakin nan haka na ƙudurta. Amma an miƙo min 'yata an share ta, an ce in ce ita ce. In na ce ita ce, na zama ban haife ta ba. Ni na gasa mata fuskar nan da ruwan zafi. Idonta bai buɗu ba sai da ya kwana. Yatsunsa na ƙirga a kumatunta da hannuna. Kuma ba shi ne na farko ba, tun tana gidansa nake gasawa ina cewa haƙori ne. Haƙoran Auta lafiyarsu ƙalau, ranki ya daɗe. Ni ce na yi ƙarya."

Gwaggo ta juya ta dubi ɗanta, shi kuwa ya kafa wa takalminsa ido.

Auta ba ta san lokacin da kuka ya ƙwace mata ba. Duk abin da ya biyo baya sama-sama ta ji shi, kamar mai jin magana cikin barci. Ta dai ji muryar Mai Shari'a a sanyaye tana cewa kotu ta gamsu, kuma ta ba da umarni. Daga yau Manaja ba zai je gidansu ba, ba zai je shagon da take aiki ba, ba zai tare ta a hanya ba, ba kira, ba saƙo, ba aike. In ya hango ta a wuri, shi zai kauce. In ya karya, kamu ne.

"Ka ji?" in ji Mai Shari'a.

"Na ji," ya ce, da wata ƙaramar murya da Auta ba ta taɓa sanin yana da ita ba.

A baranda, tana fitowa riƙe da hannun Umma, sai ga Manaja ya nufo ta kamar yadda ya saba, baki a buɗe zai yi magana. Ta ja ta tsaya. Ɗan sandan da ke bakin ƙofa ya miƙa hannu ɗaya kawai ya tare hanya. Manaja ya tsaya, ya dubi hannun, ya ja da baya, ya sake ja. Tunda take da shi ba ta taɓa ganin ya matsa don ta wuce ba.

Gwaggo ta bi ta gabansu mayafi a rufe da fuska. Umma ta ce, "Yaya, sai mun zo," ba ta amsa ba. Umma ta bi ta da kallo har ta sauka daga matakala, ta ja dogon numfashi, ta ƙara damƙe hannun 'yarta.

Can jikin wani ginshiƙi, nesa da kowa, Mai Hoto ne tsaye ya harɗe hannu a baya kamar mai jiran hukunci. Ya kasa tafiya, ya kasa matsowa. Auta ta dube shi, ya sunkuyar da kai. Haushinsa bai gama fita daga ranta ba, tausayinsa kuma ya riga ya shiga.

Umma ta dubi 'yarta, ta dubi ginshiƙin. Ta share fuska da gefen mayafi, ta ɗaga murya.

"Kai kuma tsayuwar me kake yi a can? Da kai alƙali take? Zo ka karɓar mata jakar nan, ba ka ga hannunta na rawa ba?"